Yadda za ki tsaya wa ɗanki idan makaranta a Amurka ta fara yawan kira a kansa

Wannan na iyayen da ke zaune a Amurka ne, ko masu shirin kawo iyali, musamman in akwai ƙananan yara 'yan shekara uku zuwa bakwai da ke zuwa gidan raino ko nazare ko farkon firamare. Da mata zan fi magana don lambar uwa ake fara kira in wani abu ya faru, amma Alhaji kar ka wuce, akwai naka a gaba.

Ki fara sa wannan a ranki, a idon makaranta ɗanki baƙar fata ne shikenan. Babu ruwan kowa da cewa ku 'yan Kano ne ko Damagaram ko daga Nima ta Accra kuka zo, a fom akwati ɗaya kuke cikewa da baƙaƙen da kakannin kakanninsu a ƙasar aka haife su. Mutanenmu da yawa suna ɗauka maganar wariya a makaranta tasu ce su kaɗai, mu baƙi ne masu tarbiyya ba za ta taɓa mu ba, toh wallahi malamar da ke fama da yara ashirin suna guje-guje ba tarbiyyar gidanku take gani ba, fata take gani da girman jiki.

Kuma ba wai ina cewa malaman mugaye ba ne, yawancinsu mata ne masu son yara da ake biyansu albashin da bai taka kara ya karya ba. Matsalar irin wariyar nan ce da mai yin ta ma bai san yana yi ba, in kika ce ya rantse zai rantse kuma bai yi kaffara ba. Kamar dai a gida in kuɗi ya ɓace kowa idonsa ya fara sauka kan yarinyar aiki tun kafin a ɗaga filo a duba, ba wanda ya zauna ya shirya zarginta, ido ne ya saba.

An gwada abun nan ba sau ɗaya ba. Wani malami a jami'ar Yale mai suna Walter Gilliam ya fitar da bincike a 2005 da ya girgiza mutane, ya gano ana korar yaran nazare na gwamnati fiye da ninki uku na yadda ake korar 'yan firamare da sakandare, yara 'yan shekara uku da huɗu fa. Maza sun fi mata shan kora da kusan ninki huɗu da rabi, baƙaƙe kuma kusan ninki biyu na farare. A 2016 ya sake wani da ni shi ya fi tsaya min a rai. An tara malaman ƙananan yara 135, aka nuna musu bidiyon yara huɗu suna wasa, baƙi namiji, baƙa mace, fari namiji, fara mace, aka ce su lura su danna in sun ga alamar fitina za ta taso, alhali babu wata fitina a bidiyon ko ɗaya, kuma akwai na'ura tana bin inda ƙwayar idonsu take zuwa. Idon ya fi daɗewa kan baƙin yaron. Da aka tambaye su wane ne ya fi bukatar sa ido, kashi 42 cikin ɗari suka ce shi. Har malamai baƙaƙe ba su fita ba. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta tarayya na shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012 kuma sun nuna baƙaƙe su ne kashi 18 na yaran nazare, amma su ne kashi 48 na waɗanda aka dakatar fiye da sau ɗaya. Wanda aka fi kallo shi za a fi kamawa, ko da duk ajin abu ɗaya suke yi.

Toh yanzu me za ki yi.

Tun kafin ki sa hannu a fom

Kar kyan gini da kayan wasa su ruɗe ki. Ki nemi littafin dokokin makarantar da suke ba iyaye ki buɗe wajen horo, ki tambayi shugabar kai tsaye, bara yara nawa kuka sallama ko kuka ce iyayensu su nemi wani wuri? In yaro ya yi cizo ko duka me kuke yi mataki-mataki? Yara nawa ne ga malama ɗaya, kuma malaman nan suna daɗewa ko kullum sabuwar fuska? Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci don binciken Gilliam ɗin ya nuna kora ta fi yawa inda aji ya cika, yini ya yi tsawo, malama ta gaji. Sai tambayar da kusan ba mai yi, kuna da ƙwararre kan halayyar yara da yake zuwa yana ba malamai shawara? Inda malamai ke da irin wannan mutumin a kai a kai, korar ta ragu da kusan rabi.

In makarantar gwamnati ce, akwai shafin intanet na ma'aikatar ilimi mai suna Civil Rights Data Collection, ki sa sunan makarantar za ki ga yara nawa aka dakatar da launin fatarsu, alƙaluman suna ɗan zuwa a makare amma suna nuna hali. Ki roƙa a bar ki ki zauna a aji ko rabin awa, ki kasa kunne ki ji sunan wa ake yawan kira da tsawa, ki duba waye a kujerar gefe shi kaɗai.

Ki san dokar jiharku kuma, don Amurka kowace jiha da nata. Shirin Head Start, wato nazaren gwamnatin tarayya na yaran masu ƙaramin ƙarfi, tun 2016 an hana shi korar yaro saboda hali, dakatarwa ma an taƙaita ta sosai. Connecticut a 2015 da Maryland a 2017 sun hana yawancin dakatarwa daga nazare zuwa aji biyu, Illinois ta hana kora a wuraren raino masu lasisi da masu karɓar kuɗin jiha, California ta hana dakatar da yaro kan wai taurin kai kawai. A ɗaya gefen kuma akwai jihohin kudu irin su Mississippi da Alabama da har yanzu doka ta yarda a doki yaro a makarantar gwamnati, in can kuke ki rubuta musu tun ranar farko cewa ba ki yarda a taɓa shi ba.

Ki gabatar da ɗanki kafin wani ya gabatar da shi

Satin farko ki nemi minti goma da malamar, ba sai an yi laifi ba. Ki koya mata sunansa yadda ake faɗa, kar ki bari a mayar da Abdurrahman wani abu daban don sauƙin bakinta. Ki gaya mata abun da yake so, motoci ne ko zane, da abun da ke sa shi kuka da abun da ke lallashinsa. Sai ki yi mata bayanin abubuwan gidanmu da suke fassarawa a juye. Babba a ciki shi ne ido. Mu yaro in babba na masa faɗa sunkuyar da kai yake, in ya ƙura ido ma mari zai sha, su kuma a wajensu wanda ya ƙi kallon idonka ko raini ne ko ƙarya yake, sai ki ga malama tana ta cewa kalle ni in ina maka magana, shi kuma bawan Allah yana ƙara sunkuyawa don ladabi, a ƙarshe a rubuta ya ƙi bin umarni. Haka maganar yare, yaron da Hausa yake ji a gida zai iya yin makonni ko watanni bai ce uffan ba a aji yana sauraro ne kawai, wannan sananne ne ga yara masu yare biyu, kuma wanda ba shi da bakin cewa ba ni abuna hannu zai sa ya fizge. Ki gaya mata kalmomi kaɗan, ruwa, fitsari, zo, bari, ta rubuta.

Amma dan Allah ban da zazzage mata cikin gida. Mu akwai mu da in an sake mana fuska sai mu faɗi komai, babansa ba ya nan, muna cunkushe a ɗaki ɗaya, aikin dare nake. A binciken 2016 ɗin nan an gwada wannan ma, da aka ba malamai labarin wahalar gidan yaro, in launinsu ɗaya da yaron sai su sassauta, in kuma ba ɗaya ba ne sai su ƙara ganin halin nasa ya yi muni kamar ba shi da gyara. Don haka abun da zai taimaka mata a aji shi za ki faɗa, sauran ki bar wa cikinki.

Kiran farko

Nan ne wajen da nake so ki fi natsuwa, don a nan yawancinmu muke zubar da wasan. Mun taso malam ba ya laifi, in an ce ɗanki ya yi kaza sai haƙuri da godiya da za mu yi masa faɗa insha Allah, a ajiye waya. Wasu kuma akasin haka, su taho a fusace suna ɗaga murya a ofis, daga ranar an samu uwa mai faɗa da ɗa mai faɗa an haɗa su a fayil ɗaya.

Dalilin da ya sa kiran farko ya fi kowanne shi ne wani gwaji da Jason Okonofua da Jennifer Eberhardt suka yi a jami'ar Stanford a 2015. Sun ba malamai rahoton yaro da ya yi ƙananan laifi sau biyu, rahoto iri ɗaya sak, suna kawai aka canza, wani sunan da aka san baƙaƙe da shi wani na farare. A laifin farko babu wani bambanci. A na biyu ne abu ya rabu, mai sunan baƙaƙe aka fara ganinsa a matsayin fitinanne wanda halinsa ne haka, aka nemi a tsananta masa, har ana hango dakatar da shi nan gaba, ɗayan kuma yaro ne da ya yi kuskure sau biyu. Kin ga kenan tsakanin kira na ɗaya da na biyu nan ne damarki take, tun ran gini ran zane.

Abun da za ki yi a wayar shi ne ki ƙi karɓar suna, ki nemi aiki. In ta ce yau ya yi tashin hankali, ko ba shi da ladabi, ko ya tsoratar da yara, ki ce cikin sanyin murya, na gode da kika kira, don Allah me ya yi takamaimai da hannunsa ko bakinsa? Ƙarfe nawa? Me ake yi a lokacin? Me ya faru daf da haka? Su waye a wajen? Ke me kika yi, shi kuma ya yi me? Sau da yawa in kika bi a hankali tashin hankalin nan zai koma ya ture wani da ya ƙwace masa mota a layin wanke hannu. Ture ɗin laifi ne a gyara, amma tsakaninsa da tashin hankali akwai nisa, kuma kalmar da aka rubuta ita za ta bi shi aji na gaba ba abun da ya faru ba. Russell Skiba da abokan aikinsa sun nuna tun 2002 cewa farare an fi tura su ofis kan abun da ake gani ƙuru-ƙuru kamar shan taba ko fasa kaya, baƙaƙe kuma kan abun da ya danganta da yadda malami ya ji, raini, surutu, barazana. Irin wannan laifin ba ya da ma'auni sai zuciyar mai rubutawa.

Sai tambaya ta ƙarshe, ɗayan yaron fa, shi ma an kira gidansu? Ba za su ba ki sunansa ba kuma doka ce ta hana, kar ki nace, amma kina iya tambaya ko matakin da aka ɗauka kan naki shi ake ɗauka kan duk wanda ya yi irin haka. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu.

Kina ajiye waya ki tura imel a ranar, gajere, ba zagi ba habaici. Ki ce na gode da kiran yau, ga abun da na fahimta ya faru, ga abun da muka ce za a yi, in na yi kuskure a gyara min. Ko turancinki bai nuna ba ki rubuta haka nan ko wata ta taya ki. A ƙasar nan maganar da ba a rubuta ba kamar ba a yi ta ba ce. Ki samu littafi ɗaya ko wani waje a waya kina rubuta rana, lokaci, wa ya kira, me aka ce.

Zo ki ɗauke shi

Wannan ita ce korar da ba a kiranta kora. Ƙarfe sha ɗaya a kira ki wai yau ba ya jin daɗi ki zo ki tafi da shi, jibi ma haka, sai a ce ko za a mayar da shi rabin yini, ke kina ta barin aiki manaja na harararki, wata rana a zaunar da ke da murmushi a ce gaskiya muna ganin nan bai dace da shi ba. Ke da kanki za ki cire shi, a takardunsu kuma ba su kori kowa ba. Duk ranar da aka ce ki zo ki ɗauke shi kuma ba zazzaɓi ba ne ba rauni ba, ki tambaya, wannan dakatarwa ce? In eh a ba ni a rubuce da dalili da ranar dawowa. In a'a toh zai zauna har a tashi. Za ki sha mamakin yadda kiran ke raguwa in an san sai an rubuta. A makarantar gwamnati ma, tun shari'ar Goss da Lopez ta 1975 kotun ƙoli ta ce ko dakatarwar kwana goma ko ƙasa da haka sai an gaya wa yaro abun da ake zarginsa an ji ta bakinsa. Wuraren raino masu zaman kansu wannan bai ɗaure su haka ba, can littafin dokokinsu da hukumar da ta ba su lasisi za ki riƙe.

A gida

Kar ki doke shi. Na san hannu na ƙaiƙayi, an kunyata ki an sa kin baro aiki, amma malamai a Amurka doka ta wajabta musu kai rahoto in sun ga tabo ko yaro ya ce an doke shi, gobe sai ki ga ma'aikatan kare yara a ƙofa, a birnin New York su ne ACS, kuma fita daga hannunsu ba wasa ba ne. Ban da haka ma, yaron da aka yi wa rashin adalci a aji ya dawo gida aka ƙara masa, ya koyi cewa ba shi da kowa, gobe ba zai gaya miki komai ba. Ki bari ya ci abinci ya huce, ki tambaye shi da Hausa a hankali ba da sigar tuhuma ba, wa kuka yi wasa da shi yau, ina ka zauna, me malama ta ce. In shi ne da laifi ki gaya masa kuma ki sa ya ba da haƙuri, ba cewa nake 'ya'yanmu mala'iku ne ba, wasu kam akwai ƙiriniya.

Ki duba barci. Yaron da ake hira da shi har sha ɗayan dare a tashe shi shida dole ya yi rigima. Ki sa likita ya duba kunne da ido da yawan minshari. A Satumbar 2019 a Orlando ta jihar Florida ɗan sanda ya ɗaure hannun yarinya 'yar shekara shida ya sa ta a mota saboda ta yi bori a makaranta ta shuri ma'aikata, kakarta ta ce yarinyar na da ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci ne ba ta samun isasshen barci. An kori ɗan sandan, daga baya jihar ta yi dokar hana kama yaro ƙasa da shekara bakwai sai a manyan laifuka. Shekara bakwai fa, wai nan an gyara kenan.

Zaman mitin

In kira ya kai uku kar ki jira su kira mitin, ke ki nema a rubuce. Kar ki je ke kaɗai. Alhaji ga naka, ka ɗauki awa biyu daga tasi ko sito ko ofis ka je ka zauna, ko ba ka ce komai ba zamanka na canza yadda ake magana a ɗakin, don akwai zaton da suka riga suka yi cewa yaro baƙi ba uba a gidansu. In turanci na ba ku wahala ku nemi tafinta tun kafin ranar, makarantar gwamnati ita ke da alhakin samarwa kyauta, in ba a samu mai Hausa a gari ba akwai na waya, 'yan Nijar kuma in Faransanci ya fi sauƙin samu ku karɓa. Kar ku yarda a mayar da babbar yayarsa 'yar aji biyar tafinta a kan maganar ƙaninta.

Shin ki fito ki ce wariya ce? Ni a ganina ba da ita za ki buɗe ba. Kina cewa ke mai wariya ce an gama mitin, za ta yi kuka ko ta daskare, shugabar ta koma kare ma'aikaciyarta, an manta da yaron. Ki zo da littafinki ki karanto ranaku, ki ce na lura duk kiran nan tsakanin sha ɗaya da sha biyu ne lokacin da yara ke tashi daga wani aiki zuwa wani, me ke faruwa a lokacin? Ki ce ina so wani daban, ba malamar ajin ba, ya zauna ya lura da ajin gaba ɗaya ya ƙirga sau nawa yara daban-daban suke yin wannan abun da sau nawa ake tsawatar wa kowanne. Ki nemi a kawo ƙwararren halayyar yara in suna da shi. Ki nemi duk rahoton da za a turo miki ya zo da abu ɗaya mai kyau da ya yi a ranar, ba don a faranta miki ba, don a tilasta wa idon ya nemi wani abu ban da laifi. In an yi duk wannan abu bai canza ba, toh sai ki faɗe ta a fili ba tare da ɗaga murya ba, ki ce bincike ya nuna ana fi sa wa yara maza baƙaƙe ido ba da gangan ba, ina so mu tabbatar ba haka ke faruwa da ɗana ba. Kuma malamai suna canzawa in an taɓa su ta inda ya dace, Okonofua ɗin nan a 2016 ya yi wa malaman lissafi na wasu makarantun California ɗan gajeren horo kan su riƙa jin ta bakin yaro kafin hukunci, dakatarwar ɗalibansu ta sauko daga kashi 9.6 zuwa 4.8. Waɗancan manyan yara ne ba 'yan nazare ba, amma dai malamai ne.

Kafin ku tashi a rubuta wa zai yi me, da ranar da za a sake zama. Kar ki sa hannu a takardar da ba ki gane ba, ki ce zan tafi da ita gida in karanta.

In sun ce a yi masa gwaji

Nan mutanenmu suke tsorata, wai za a ce ɗana mahaukaci ne a sa masa tambari. Abun kaifi biyu ne gaskiya. Akwai yaran da ake tura su ajin masu bukata ta musamman alhali yare ne kawai bai zauna ba, akwai kuma waɗanda da gaske suna da jinkirin magana ko wata lalura amma aka yi ta hukunta su a matsayin marasa ji har lokaci ya ƙure. In ke ma a gida kina ganin wani abu, ko da Hausar ma maganarsa ba ta kai ta sa'anninsa ba, ki nemi gwajin da kanki a rubuce. Dokar IDEA, ta ilimin yara masu bukata ta musamman, ta sa gundumar makaranta ta yi shi kyauta daga shekara uku, ƙasa da uku kuma akwai shirin jiha na taimaka wa yaro tun da wuri, ba a yi sai da sa hannunki, kuma bayan kin sa hannu kwana 60 ne sai in jiharku ta sa nata wa'adin. Ki nace a gwada shi da la'akari da yaren gida. In ba ki yarda da sakamakon ba kina da damar neman wani na waje ya sake. In ya samu takardar tsarin karatu da suke kira IEP, ba za a iya fitar da shi fiye da kwana goma ba sai an zauna an duba ko lalurar ce ta jawo halin. Kowace jiha na da cibiyar horar da iyaye kan wannan dokar kyauta, a New York kuma akwai Advocates for Children.

Masu 'ya'ya mata kar ku ce kun tsira. Rahoton jami'ar Georgetown na 2017 ya nuna manya suna ganin yara mata baƙaƙe tun daga shekara biyar kamar sun girmi shekarunsu, ba su cika bukatar lallashi da kariya ba, don haka in ta yi kuka ko ta mayar da magana sai a ce tsiwa. Ga maganar kitso, California ta fara dokar CROWN a 2019 mai hana tsangwama kan gashi kuma jihohi da yawa sun bi.

In abu ya ƙi

Ki nemi fayil ɗinsa gaba ɗaya. Dokar FERPA ta ba ki damar gani cikin kwana 45 a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya, in kin ga abun da ba daidai ba ki nemi a gyara, in sun ƙi kina iya sa naki bayanin a ciki ya zauna tare da nasu. Daga nan shugaban makaranta, sai ofishin gunduma, sai ma'aikatar ilimi ta jiha, gidan raino kuma hukumar lasisi. Akwai ofishin kare haƙƙi na ma'aikatar ilimi ta tarayya, Office for Civil Rights, da ke karɓar ƙorafin wariyar launi ƙarƙashin dokar 1964, ba sai da lauya ba, amma cikin kwana 180 daga faruwar abun. Sai dai kar ki jingina da shi kaɗai, abun na tafiya da siyasa, jagorar da gwamnatin Obama ta fitar kan horo a 2014 gwamnatin Trump ta soke ta a 2018, a 2025 kuma aka rage ma'aikatan ofishin sosai aka rufe wasu rassansa, don haka ki fi ƙarfi a matakin jiha da lauyoyin taimakon kyauta na garinku. Masu fargabar takardu, hukuncin Plyler da Doe na 1982 ya ba kowane yaro damar makarantar gwamnati ko iyayensa na da takarda ko babu, amma in matsayinku na da sarƙaƙiya ku fara jin ta bakin lauyan shige da fice kafin ku kai ƙorafi tarayya.

Wani lokacin kuma mafita kawai a canza masa aji ne ko makaranta, yaro ɗan shekara huɗu ba zai zauna wata tara gaban wadda ta riga ta yanke masa hukunci ba don ke ki ci gardama. Ki fara neman canjin aji a cikin makarantar. In barin wajen za ku yi, kar ki sa hannu a takardar cewa ke kika cire shi da kanki sai kin samu gurbi a wani wuri kuma sun ba ki dalilinsu a rubuce, ki karɓi kwafin fayil ɗin ki karanta kafin ya riga ku isa sabuwar makarantar, in kuna karɓar tallafin kuɗin raino kuma ki sanar da ofishin tun kafin ranar ƙarshe don kar a yanke muku a tsakani.